Shekarar da Allo Ya Rasa Ruwan Wanki

Jikokina biyu, Suhaila da Nawal, karatun koyarwa suke yi, kuma in sun zo gidana a unguwar Rusaifa, nan Makka, ba su da aiki sai baje littattafai a kan shimfiɗata har in rasa inda zan miƙe ƙafa. Ran nan na ji suna ta ƙyaƙyata dariya, na tambayi dalili. Suhaila ta ce labarin Rumawan dauri ne suke karantawa, yadda suke koyar da 'ya'yansu. Wai malaminsu a bakin hanya yake zama cikin wata 'yar rumfa, masu jakuna da masu talla suna ta wucewa, yara kuwa tun kafin rana ta fito suke ihun maimaita abin da ya faɗa. Kowane yaro yana da ɗan katako da aka shafe da kakin zuma. Da tsinken ƙarfe yake zana baƙaƙe a kai, in wuri ya cika sai ya juya gindin tsinken ya shafe. Ɗan masu hali bawan gidansu ke rako shi, ya riƙe masa kaya, ya zauna gefe yana jira. Malam kuma bulalarsa na kusa da hannu.

Nawal, wadda bakinta ya fi na yayarta kaifi, ta dube ni ta ce, "Ya Sitti, wannan ai zayy kuttab ɗinki ne, tamkar makarantar allonki ta da. Yara su yi ta ihu, ke kina zaune, azahar ta yi, halas, an tashi. Wallahi kun ji daɗi."

Maganar ta ɓata mini rai, kuma ban ɓoye mata ba. Ni ban san Rumawa ba, amma wannan malamin nasu na san irin ciwon bayan da yake kwana da shi, na san yadda muryarsa ke dishewa kafin rana ta take. Abu ɗaya kawai ya fi ni da shi: allonsa ba ya neman ruwa. Ku da kuke murɗa famfo ruwa ya zubo ba za ku gane girman wannan ba sai na faro muku daga tushe, don haka ku rufe littafin nan ku saurara.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne kankare gindin tukunya. Yayar mahaifina, Gwaggo Yalwa, ita ce ta zo daga ƙasar Kano a ƙafa tun da ƙuruciyarta, ta buɗe makarantar 'yan mata a Tandabawi, can kan gangaren dutse. Mace mai irin wannan makaranta, Makkawa fakiha suke ce mata. Makarantar kuwa tsakar gida ce kawai, da rumfar kaba, da tabarmi, da randa a lungu. A hannunta na sauke, kuma na ɗauka washegarin walima za ta miƙo mini alƙalami in fara rubuta wa yara. Sai ta miƙo mini wani tsohon cokali, ta ce in bi gidajen maƙwabta in kankaro baƙin tukwanensu. In na kawo in tankaɗe shi da ƙyalle, in jiƙa ƙaro har ya narke, in haɗa, in yi ta juyawa. Tawada ke nan. In ƙaro ya yi yawa rubutu ya yi sheƙi ya maƙale, sai an sha wuya wajen wanki. In ya yi kaɗan, hannun rigar yarinya ma ya isa ya share mata karatun yini. Gwaggo ba ta da yawan faɗa. A farcenta take ɗiga tawadar ta duba, in ba ta yi ba sai ta turo mini kurtun da bayan hannu ta ci gaba da abin da take yi. Na fi shekara ina yawo da baƙin hannu, har yaran unguwa suka sa mini suna Mai Gawayi.

Bayan tawada sai feƙe alƙalami. Karan gamba irin na gida ba ya fitowa a duwatsun Makka, sai abin da alhazai suka riƙo mana tsaraba, ko kuma karan da ake sayarwa a kasuwa, mai taurin tsiya. Ana yanka bakinsa a karkace, a ɗan tsaga shi yadda zai riƙe tawada. Mai fara koyo alƙalaminta mai kaurin baki ne, don baƙaƙen su fito manya ta gan su. Tabon nan da ke babban yatsana ba na girki ba ne, na askar Gwaggo ne. Allon kansa ma ba kowane katako ba ne. Wanda aka riƙo daga gida ya fi, ya sha hannu ya yi santsi. Kafintocin Makka kuwa da katakon akwatin kaya suke yi mana, mai zuƙe tawada, sai na yi kwana da kwanaki ina gurza shi da yashi kafin ya karɓi rubutu. Ranar da Gwaggo ta fara ba ni allon wata yarinya in rubuta, sai layina ya gangara ƙasa. Ta duba ta ce in wanke in sake, kuma a gaban yaran ta faɗa.

Zaman nan da kuke cewa hutu ne, bari in gaya muku abin da ke cikinsa. Rumfa cike take da yara, kowacce da inda take karantawa, wata tana babbaƙu, wata ta yi nisa, duk a lokaci guda kuma da ƙarfi. Hannunki yana rubuta wa wata allo. Idonki yana kan 'yar ƙaramar da ta fara mutsu-mutsu, kada ta jiƙa tabarma. Kunnenki kuma cikin duk hayaniyar nan sai ya tsamo wadda ta ja inda ba a ja, ki kira sunanta ki gyara mata ba tare da kin ɗaga kai ba. Wannan kunnen ba a littafi ake samunsa ba, ni sai da na haifi ɗan fari sannan na ji nawa ya buɗe. Bulala tana nan a soke a jikin rumfa, kuma ba zan ce muku ban taɓa zarar ta ba, amma Gwaggo ta sha gaya mini cewa fakihar da ta yawaita ɗaukarta ta gaji da aikin ne.

Duk da haka, makarantar gaba ɗaya a kan wankin allo take tafiya. Yarinya ba ta samun sabon karatu sai ta biya wanda ke kan allonta ba gargada, sannan a ce mata je ki wanke. Wannan maganar ita ce albishir a wurinmu. Akwai tasa ta musamman da ba a wanke komai a ciki sai allo. Ruwan wankin kuma ba a watsa shi inda ƙafa ke takawa, tunda ayoyi ne suka narke a ciki. Wasu iyaye suna so a ba 'yarsu ta sha, saura kuma a tsiyaye a wani ɗan rami da muka kewaye da duwatsu a kusurwa. 'Ya'yan Makkawa in allonsu ya bushe sai su shafe shi da farar ƙasa don rubutu ya fito ƙal. In ba a wanke ba babu sabon rubutu, in babu sabon rubutu yarinya tana nan inda take. Makarantar allo tana shan ruwa kamar gidan mai jego, kuma duk ɗigon da muke amfani da shi a kafaɗar sagga yake hawowa dutsen nan, wato ɗan garuwa, daga bazan, inda unguwa ke ɗibar ruwa.

Iyayen yara kuwa kowa da irinsa. Ba Hausawa kaɗai ba, har 'ya'yan Makkawa da na Jawa da na Buhara ana kawo mana. Akwai uwar da tun watan farko take tambayar yaushe za a yi walima, don ta riga ta ɗinka wa 'yar kaya ta yi wa dangi alkawarin alewa. Akwai wadda ta kawo ta ne kawai don gida ya yi shiru ta samu ta yi barcin hantsi. Wani attajiri kuma tsohuwar mai aikin gidansa ke rako 'yarsa kullum, ta riƙe mata allo, ta zauna bakin ƙofa tana gyangyaɗi, irin dai bawan Rumawan nan naku. Ran Alhamis kowa ya aiko da abin da ya sawwaƙa, wani gurasa, wani dabino, wani gaisuwa kawai da addu'a. Da wannan muka rayu. Ba mu yi arziki ba, ba mu kuma kwana da yunwa ba.

A shekarun da Turawa ke yaƙinsu na biyu, alhazai suka ja baya, ƙafafun Gwaggo suka gaza ta koma ɗaki, makaranta ta dawo hannuna. A lokacin ne wata mata mai suna Hajo ta shigo da safe tana janye da wata yarinya doguwa da ta kusa kamo ni tsawo. Mutanen ƙasar Gobir ne. Sun yi shekaru a hanya, ta Chadi, ta Sudan inda suka tsaya tsinkar auduga har suka sami abin tsallake teku. Sun iso aikin hajji ya riga ya wuce, don haka sai su jira na gaba. Yarinyar sunanta Kaltume, kuma ko alif ba ta sani ba.

Hajo ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, "Fakiha, ga yarinyar ga na kawo miki. In an sauko Arfa za mu tahi gida, maigida ya yanke. Garinmu babu mace guda da ta iya karatu, kowa da abin da kunnenta ya tsinta take salla. In munka koma mata za su taru su ce mi munka kawo daga Makka. Ni ba ni da abin nunawa sai ita."

Na gaya mata gaskiya. Ba a sauke Alƙur'ani a ƙasa da shekara, balle ga wadda za ta fara daga babbaƙu. Abin da zan iya, in Allah ya yarda, shi ne in kai ta inda za a buɗe mata ko'ina ta karanta da kanta, ta kuma iya rubuta wa wata allo. In ta kai nan, ko a ƙauyen da babu fakiha za ta ci gaba. In kuwa ba ta kai ba, ɗan abin da ta koya zai zube a hanya kafin su ga Sudan, na sha ganin haka. Hajo ta ce ta yarda. Ni kuma daga ranar na fara lissafin watannin da suka rage kafin hajji.

Kaltume ta zauna cikin 'yan ƙanana, gwiwoyinta sun kusa kai kawunansu. Hannunta ya saba da fartanya, kuma haka take damƙar alƙalami, a makon farko ta karya mini bakin alƙaluma ba adadi. Yara suna yi mata dariya, tana yi musu kunnen uwar shegu. Amma tana da kai, kuma ta san abin da ya kawo ta. Abin da wata za ta yi kwanaki tana tauna, ita yini guda ta biya ta miƙe wajen tasa. Na ce a raina in aka tafi a haka za mu kai.

Sai aka yi ruwan nan. Sama ta buɗe a kan duwatsu, ambaliya ta gangaro cikin gari har ta shiga Harami. Mu da muke kan tudu ba abin da ya same mu sai rumfa da ta karkace. Muka fito da duk wani mazubi muka cika, yara suna ta tsalle, ba mu san abin da ke tafe ba. Ashe ambaliyar ta fasa magudanar da ke kawo wa Makka ruwa daga bayan Arfa, ta cushe ta da yashi da duwatsu. Abin da muka tara ya ƙare, bazan ya koma sai ɗis-ɗis. Saggan da ke hawo mana kullum ya koma sai an gan shi, kuma manyan gidaje yake fara kai wa, ni ban ga laifinsa ba. Zamzam tana nan, amma gari duka can ya koma, abin da maigidana ke iya kutsawa ya samo bai wuce na sha ba. Ga zafi ya shigo. Wa zai zuba ruwa a kan katako alhali jariri na kukan ƙishi?

Tasa ta bushe, karatu ya tsaya cik. 'Yan ƙanana murna suke, ba sabon darasi. Manyan kuma iyaye suka janye su zuwa layin bazan, har da Kaltume, tun asuba take can da garwa sai rana ta take. Da la'asar ta zo mini da allonta, rubutun da ke kai shi ne dai na makonnin baya. Ta biya shi har ta haddace, kuma ga mai koyon baƙi hadda ita ce ɓarna. Za ki ga bakinta na tafiya daidai, idonta yana kan rufin rumfa. In kin nuna mata kalma a tsakiya sai ta yi tsuru-tsuru, sai ta koma farko ta biyo. Na ga abin da na gina yana rushewa a gabana, ga watanni suna wucewa. Na ji tsoro, na kuma ji haushi, har na riƙa yi wa mutanen gidana faɗa ba gaira ba dalili.

Hajo ce ta fara kawo dabara. Ta shigo da faranti cike da rairayi, ta ce a Sudan ta ga haka ake fara wa yara, a zana da yatsa a shafe da tafi. Mun yi, kuma ya taimaka wajen baƙaƙe da wasula. Amma aya ban yarda in rubuta ta a ƙasa kaji suna yawo ba, sannan yatsa ba alƙalami ba ne. Yarinyar da za ta je ta rubuta wa matan garinsu allo ba za ta gama koyo a kan rairayi ba.

Wata safiya na tashi haɗa tawada na tarar babu ko ruwan jiƙa ƙaro. A lungu akwai wata 'yar kwalba da na tsiyaye wankin ƙarshe a ciki, wanda wata uwa ta ce a ajiye wa 'yarta ta sha, ba ta kuma zo ta karɓa ba. Na ɗaga ta a haske na ga baƙi ƙirin. Na tsoma alƙalami na ja a kan allo, sai ga rubutu, dishi-dishi amma ana karantawa. Na daɗe a tsaye da kwalbar a hannu. Ashe abin da muke tsiyayewa a rami kullum tawada ce da ta sha ruwa da yawa.

Ban yi gaban kaina ba. Na shiga wurin Gwaggo na durƙusa na faɗa mata abin da nake so in yi: a goge allo da jiƙaƙƙen ƙyalle, a matse a kwano, a ƙara baƙin tukunya, a sake rubutu da shi. Na ce ina tsoron kada ya zama wasa da abin da ba a wasa da shi. Sai ta tambaye ni don me muke zuba shi a rami. Na ce don kada a taka.

Ta ce, "To a kan allo wa zai taka shi? Yalla, tashi ki ba ni wuri, kin zauna kina ɓata wa yara lokaci."

Ƙyallen da muka yi amfani da shi guntun harami ne da wani alhaji ya bari, fari tas. Ana jiƙa shi da ruwan da bai wuce cikin finjalin gahawa ba, a shimfiɗa a fuskar allo a danne, a jira tawada ta saki, sannan a goge daga sama zuwa ƙasa a matse a kwano. Jiƙo guda yakan bi alluna da dama kafin ya nemi ƙari. Na rage ƙaro don rubutu ya riƙa fita da wuri, na kuma hana shafa farar ƙasa, don tana mayar da ruwan taɓo. Wata maƙwabciyarmu 'yar Makka ta ce ita ba ta taɓa ganin allo babu farar ƙasa ba, ta kwashe 'ya'yanta a fusace, bayan ɗan lokaci kuma ta dawo da su da kanta da ta ga na wasu suna wuce su. Alluna suka yi toka-toka, rubutu sai an kaurara, amma an koma cewa je ki wanke. Na roƙi kowane gida, in da hali, a riƙa aiko da abin jiƙa ƙyalle.

Kaltume ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba. Kullum da ɗan ruwanta a gwangwani, har ya fi na kowa. Sai ran nan na lura leɓenta duk ya tsattsage, muryarta tana shaƙewa in tana biyawa. Na matsa mata, ta ce rabonta na sha take ragewa. Raina ya ɓaci sosai. Na sa ta shanye shi a gabana, na ce, "Kaltume, gawa ba ta karatu. In kika ƙara yi mini haka, ni da kaina zan kai ki gaban uwarki." Ta sha tana hawaye. Daga ranar a randarmu nake ɗibar mata, maigidana ya gani ya kau da kai.

Tunda da la'asar kaɗai nake samunta, sai na haɗa mata komai. Ita ke matsar ƙyalle, ita ke kankaro tukwane, ita ke feƙe alƙaluma, ta yanke yatsa ta ɗaure ta ci gaba. Abin da na yi shekaru kafin a bar ni in taɓa, ita a 'yan watanni na sakar mata. Gwaggo tana jiyo mu daga ɗaki tana mita, wai na lalata sana'a, a zamaninta ba a yin haka. Amma da aka kai mata tawadar Kaltume ta ɗiga a farce, sai ta daɗe tana dubawa, kuma ba ta turo kurtun ba.

Kafin azumi aka gyara magudana, sagga ya dawo hawan dutse, muka koma tasa. Kaltume ta bar layi ta dawo zaman safe. Bayan ƙaramar salla, wata rana ba tare da na gaya mata komai ba, na rubuta mata daga can tsakiyar Alƙur'ani, wurin da na tabbata ba ta taɓa jin wata yarinya ta biya ba. Na miƙa mata na juya ina rubuta wa wata, amma wallahi hankalina ba ya kan abin da nake rubutawa. Sai na ji ta kama baƙin farko, ta haɗa da na biyu, ta yi tuntuɓe, ta koma, ta wuce. A hankali take tafiya kamar mai hawa gangarenmu da garwa a ka, amma ta kai ƙarshen layi ta shiga na gaba. Na saci kallonta, idonta a kan allo yake. Na ji daɗin da ban taɓa ji a walimar kowa ba. Washegari na ba ta allon 'yar autar makaranta ta rubuta mata. Rubutun ba kyau, baƙaƙen sun karkace, amma yarinyar ta karanta.

Na ci gaba da koyarwa shekaru masu yawa bayan wannan, kuma da yawa cikin ƙawayenku kakanninsu a tasata suka wanke allo. Labarin Kaltume kuwa ban sake ji ba, hanya ce mai nisa, ba kuma mai kawo saƙo daga can. Abin da na sani shi ne abin da na gani ranar tafiyarsu. Bayan an gama aikin hajji na lulluɓa na gangara Jarwal, inda motocin Jidda ke lodi, ɗauke da ɗan ƙunshi: kurtu, da ƙaro, da ragowar karan gamba da nake ɓoyo. Matafiya suna zube a inuwar mota suna jira. Na hango Hajo zaune a kan kayansu da allo a cinya, ta haɗe gira, gumi na bin fuskarta. Ashe Kaltume ta wanke karatunta ta rubuta baƙaƙen farko manya-manya, ga ta durƙushe a gefen uwar. Wasu mata 'yan tafiyar sun matso suna leƙe.

"Ba nan ba, Inna," in ji Kaltume. "Sa yatsa nan. Sake."

Hajo ta ɗago ta gan ni, kunya ta kama ta, ta yi dariya ta rufe baki da gefen mayafi. Ta ce hanya tana da tsawo, kuma ba ta so su isa gida a ce ɗiya ta iya uwa ba ta iya ba. Na miƙa ƙunshin, muka yafi juna, muka yi sallama. Kaltume 'yar fari ce, ban taɓa jin Hajo ta kama sunanta ba, kullum sai dai yarinyar ga. Na juya zan tafi ke nan sai na ji ta ce, "To, Fakiha, daga ina za mu kama?"

Na waiwayo na buɗe baki zan amsa. Ba ni take kallo ba.